Laskarina Bubulina: Attajirar Jiragen Ruwa a Yaƙin 'Yancin Girka

A watan Maris na shekarar 1821, sa'ad da Girkawa suka yi wa Sarkin Santambul tawaye, ba su da gwamnati, ba su da baitulmali, balle a yi zancen rundunar mayaƙan ruwa. Duk da haka, kafin wata biyu su cika, jiragen ruwa masu igwa, ɗauke da tutar 'yan tawaye, sun bazu a tekun da ke tsakanin Girka da Turkiyya, suna tare hanya, suna hana a kai wa sojojin sarki abinci da albarushi. Jiragen nan na fatake ne. Jiya-jiya alkama suke dako, kuma kowanne yana da mai shi, wanda ya san ko nawa ya kashe wajen ƙera shi. Mafi yawansu daga ƙananan tsibirai uku suka fito, wato Hidira da Spetses da Psara. Cikin masu jiragen akwai wata mace da ke gab da cika shekara hamsin, sunanta Laskarina Bubulina, wanda a littattafan Turawa ake rubutawa Bouboulina. Rayuwarta ta isa ta nuna wa ɗalibi abin da kan faru idan yaƙin al'umma ya jingina da aljihu da zumuncin wasu gidaje ƙalilan: abin da ya ba shi ƙarfi da fari, shi ne kuma ya kusa kashe shi daga baya.

Akwai suna guda da ya kamata a kiyaye tun yanzu. Bahaushe in ya ji an ce Daular Usmaniyya, hankalinsa Sakkwato yake tafiya. A nan kuwa ana nufin daular Turkawa, zuriyar Usman na ƙarni na 13 da na 14, wadda hedikwatarta ke Santambul, kuma wadda ta mallaki ƙasar Girka kusan shekara 400. Daulolin biyu sun yi zamani ɗaya, kuma labari yana ratsa hamada. Baturen Ingila Clapperton ya rubuta cewa da ya je Sakkwato a 1824, cikin abubuwan da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya tambaye shi har da batun tawayen Girkawa.

Tsibiran nan ba wuraren noma ba ne. Hidira dutse ce tsagwaronta, ruwan sha ma sai an tara na sama. Spetses ta fi ta itatuwa, amma ita ma ba ta iya ciyar da mutanenta. Wanda ƙasa ta hana shi abinci kuwa, dole ya nema a ruwa. Mutanen Hidira da Spetses Kiristoci ne mabiya cocin Otodoks, amma harshen da suke yi a gida wani reshe ne na Albaniyanci, ana kiransu Arbanitawa. Da wannan harshe Bubulina ta tashi. Abin lura ne cewa sojoji da yawa da Turkawa suka turo su murƙushe tawayen su ma Albaniyawa ne, don haka sau da yawa masu harbin juna suna jin maganar juna sarai. Daular ta bar wa tsibiran ragamar mulkin kansu: dattawan attajirai ke yanke hukunci, su biya haraji, su kuma ba da matuƙa ga rundunar ruwan sarki kowace shekara. Ta haka samarinsu suka koyi aikin jirgin yaƙi a hannun wanda za su yaƙa.

Arzikinsu ya samo asali ne daga rigimar manya. A 1774 Rasha ta ci Turkawa da yaƙi, aka ƙulla yarjejeniyar Kucuk Kainarja, wadda ta buɗe wa jiragen kasuwancin Rasha hanyar Bahar Aswad. Bayan 'yan shekaru aka yarje wa masu jiragen Girkawa su riƙa ɗaga tutar Rasha, su ci moriyar kariyarta. Sai ga alkamar kudancin Rasha tana neman masu dako. Da juyin juya halin Faransa ya ɓarke, yaƙe-yaƙen Napoliyon suka biyo baya, jiragen yaƙin Ingila suka datse tashoshin Faransa da na ƙawayenta, farashin hatsi ya yi tashin gwauron zabi. Duk wanda ya iya sulalewa da dare ya shigar da alkama Marsai ko wata tashar Sifaniya, tafiya ɗaya ta isa ta mayar masa da kuɗin jirginsa. Mutanen tsibiran suka ƙware a wannan kasada. Kuma da yake 'yan fashin teku daga Aljiyas da Tunis da Tarabulus sun addabi Bahar Rum, hukuma ta ƙyale su su ɗora igwa a jiragensu don kare kai. A taƙaice, a ƙarƙashin inuwar Sarkin Santambul, kuma da izininsa, aka gina rundunar da za ta juya masa baya.

A cikin wannan duniya aka haifi Laskarina, a watan Mayu na 1771, kuma a kurkuku aka haife ta. Mahaifinta, Stavriyanos Pinotsis, kyaftin ne daga Hidira, an ɗaure shi a Santambul saboda hannunsa a tawayen 1770, wanda Rasha ta zuga ta kuma gaza tallafawa. Matarsa Skevo ta je duba shi da tsohon ciki, naƙuda ta kama ta a can. Bai daɗe ba ya rasu. Uwar ta koma Hidira da jaririyarta, bayan shekara huɗu ta auri wani kyaftin na Spetses, suka ƙaura. Laskarina ta yi aure tana da shekara 17, ta auri Dimitriyos Yannuzas, wanda 'yan fashin teku suka kashe a 1797. A 1801 ta auri Dimitriyos Bubulis, attajirin mai jirage, wanda daga sunansa ta sami laƙabin da duniya ta san ta da shi. Shi ma a faɗa da 'yan fashin teku ya mutu, a 1811. Ta shiga takaba karo na biyu tana da shekara arba'in, ga 'ya'ya, ga dukiya da ake ƙiyasta ta haura talara 300,000. Talara manyan sulallan azurfa ne, dangin liyarin da fatake suka sani a kasuwannin Kano da Kukawa.

Abin da ta yi da gadon nan shi ya bambanta ta. Ba ta damƙa wa wani ɗan'uwa namiji ya juya mata ba. Ita ta riƙe ragama, ta sayi hannun jari a jiragen wasu, ta sa aka ƙera mata nata. A 1816 hukumar Turkawa ta yunƙura za ta ƙwace dukiyar, bisa hujjar cewa Bubulis ya taimaka wa Rasha da jiragensa a yaƙin da aka yi a baya, hujjar da kuwa gaskiya ce. Bubulina ta shiga jirgi ta tafi Santambul, ta kai kukanta wurin jakadan Rasha, Stroganof. Shi ya tura ta Kirimiya ta fake na wasu watanni har ƙura ta lafa. Riwayar da ta shahara a Spetses ta ƙara da cewa ta gana da mahaifiyar Sarki Mahmud na Biyu, wadda ta sa baki aka bar mata kayanta, ita kuma ta yi alkawarin za ta kare matan Turkawa duk ranar da suka shiga hannunta. A riƙe wannan riwaya, za ta dawo a gaba.

Ana kuma cewa a wannan tafiya ta shiga ƙungiyar asiri ta Filiki Eteriya, wato Ƙungiyar Abokai, wadda wasu 'yan kasuwa Girkawa uku suka kafa a Odesa a 1814 don shirya tawaye. Sunanta ba ya cikin jerin membobin da ya tsira, saboda haka masana sun rabu a kan wannan. A ganina muhawarar ba ta da nauyin da ake ba ta, domin aikinta ya riga ya ba da shaida. Ta yi ta sayen makamai da albarushi a tashoshin ƙetare tana ɓoyewa a gida. A 1820 aka gama ƙera mata jirgi mai igwa 18, ta sa masa suna Agamemnon, sunan sarkin da ya jagoranci Girkawan dauri zuwa yaƙin Taroya. Doka ta ƙayyade girman jirgin da talakan sarki zai mallaka da yawan igwar da zai ɗora, wannan kuwa ya wuce iyaka. Da aka kai ƙara, sai ta toshe bakin jami'in da aka aiko bincike da kuɗi, aikin ya ci gaba.

Akwai wani dalili da littattafan yabo ba su cika ambata ba. Da Napoliyon ya faɗi a 1815, datsewar tashoshi ta ƙare, jiragen Ingila da Faransa suka dawo kasuwa, ribar alkama ta zube. Jirage suka yi cirko-cirko a tasha, dubban matuƙa suka rasa aikin yi. Wannan bai rage komai daga kishin masu kishi ba, amma ya bayyana dalilin da ya sa talakawan matuƙa suka fi iyayen gidansu ɗokin yaƙi. A Hidira, inda dukiya ta fi yawa, attajirai sun yi ta jan ƙafa, sai da wani kyaftin mai suna Antonis Ikonomu ya tayar da talakawa suka tilasta musu. Spetses ce ta riga sauran, ranar 3 ga Afrilu, 1821, bisa tsohuwar kalandar da Girkawa ke bi a lokacin, wadda a wancan ƙarni take bayan tamu da kwana 12. Bubulina tana cikin 'yan tsirarun masu dukiya da ba su jira an tura su ba.

Ta fita da jiragen Spetses zuwa Nafpliyo, birni mai tashar ruwa da kagarori masu ƙarfi a gabashin Moriya, wato yankin kudancin Girka da ake kira Peloponis. Wasu manyan masu jirage sukan zauna gida ne su aika kyaftin. Ita da kanta ta hau, 'ya'yanta da 'yan'uwanta na ɗaki ɗaya suna riƙe da sauran jiragen, kuma daga aljihunta ake biyan matuƙa, ake ciyar da mayaƙan da ta tara a tudu. Harin farko bai ci birnin ba, igwar kagara ta fi ƙarfin jiragen katako, don haka aka koma ƙawanya mai tsawo. Jiragenta sun kuma taimaka wajen datse Monembasiya da Pilos. Tun a makonnin farko ta biya farashin da ya fi kuɗi: babban ɗanta, Yannis Yannuzas, ya mutu a fagen daga kusa da Argos, yana tare sojojin da Turkawa suka turo daga arewa.

Daga nan sai Tiripolitsa, kuma nan ne alƙalami ke nauyi. Garin shi ne mazaunin gwamnan Moriya, Hurshid Fasha, wanda a lokacin yana can arewa yana yaƙar Ali Fasha na Yanina, ya bar iyalinsa da taskarsa a baya. Musulmin karkara sun gudo sun cika garin, ga Yahudawa mazauna, ga yunwa da annoba. Bubulina ta iso sansanin masu ƙawanya a kan doki, inda ta haɗu da Tiyodoros Kolokotronis, babban jarumin Moriya. Ranar 23 ga Satumba, 1821, garin ya faɗi, aka shafe kwana uku ana kisa. Dubban mutane, har da mata da yara, aka hallaka. Ba a taƙaice wannan ta'asa ga ɓangare ɗaya ba: tun a ranar Ista ta wannan shekara an rataye shugaban cocin Otodoks, Girigori na Biyar, a ƙofar fadarsa a Santambul, kuma a 1822 sojojin sarki suka yi wa tsibirin Kiyos kisan kiyashi, suka kwashe dubbai zuwa bauta. Amma laifin wani ba ya wanke na wani, kuma ɗalibin tarihi ba shi da izinin ambaton ɗaya ya tsallake ɗaya.

Game da rawar da Bubulina ta taka a Tiripolitsa, riwaya biyu ce. Ta farko ta ce ta tsaya tsayin daka ta ceci matan gidan Hurshid Fasha, don cika alkawarin nan da ta yi a Santambul. Ta biyu, wadda wasu marubutan Turai na wancan ƙarni suka kawo, ta ce ta shiga garin tun ana tattaunawar miƙa wuya, ta karɓi gwala-gwalan matan a madadin kariya. Abin da ya tabbata shi ne matan sun tsira, daga baya aka fanshe su. Ni dai ban ga abin da ya hana riwayoyin biyu haɗuwa ba. A yaƙin da babu albashi, ganima ce albashi, kuma shugabannin da ke wurin kusan duk sun yi irin wannan ciniki da masu hali na cikin gari, alhali talakan da ba shi da abin bayarwa aka bar shi ga takobi. Mace mai ciyar da ɗaruruwan mayaƙa daga taskarta ba waliyyiya ba ce, kuma ba ta taɓa cewa ita ce ba.

Nafpliyo ta daɗe tana turjiya. A watan Satumba na 1822 rundunar ruwan Turkawa ta taho don kai wa birnin agaji, jiragen tsibiran uku ƙarƙashin Andiriyas Miyawulis na Hidira suka tare ta a mashigin Spetses, ta juya ba ta sauke ko buhu ɗaya ba. Har yau mutanen Spetses na bikin tunawa da wannan rana kowace Satumba, bikin da suke kira Armata. Makamin da Turkawa suka fi tsoro shi ne jirgin wuta: tsohon jirgi ne ake cika shi da ƙaro da albarushi, a manna shi jikin babban jirgin abokan gaba, a cinna masa wuta, matuƙa su tsere a kwalekwale. Da irinsa Konstantinos Kanaris na Psara ya ƙone jirgin babban kwamandan Turkawa a Kiyos a watan Yuni na wannan shekara. Yunwa ta gama da masu tsaron Nafpliyo, kagarar Palamidi ta faɗi ranar 30 ga Nuwamba, 1822. Aka ba Bubulina gida a birnin, ta zauna. A lokacin mafi yawan dukiyarta ta riga ta tafi a albashi da abinci da harsashi.

Rundunar da iyalai suka mallaka tana da aibinta. Matuƙa sukan nemi a biya su kuɗin wata tun kafin a tashi, in watan ya ƙare kuwa su juya gida ko da abokan gaba na gabansu. Kowane tsibiri yana da nasa kwamanda. Kuma wanda ya kashe dukiyarsa yana ganin ya sayi haƙƙin faɗa a ji. Da aka kori Turkawa daga mafi yawan Moriya, tambayar da ta taso ita ce: wa zai yi mulki? Attajiran tsibirai, musamman gidan Kunturiyotis na Hidira, suka ja daga da jaruman Moriya irin su Kolokotronis. A 1824 Jojiyos Kunturiyotis ya zama shugaban majalisar zartarwa, rancen farko da aka ciwo daga Landan, mai sunan fam 800,000, ya faɗo hannun gwamnatinsa, kuma kaso mai yawa na abin da ya iso ya tafi ne wajen ɗaukar mayaƙa daga arewa su yaƙi 'yan'uwansu.

A nan surukuta ta yanke wa Bubulina hukunci. 'Yarta Eleni tana auren Panos, ɗan Kolokotronis, aure irin na ƙulla ƙawance tsakanin ruwa da tudu. Don haka, ko da yake 'yar tsibiri ce, sai aka lissafa ta a ɓangaren Moriya. A watan Nuwamba na 1824 aka kashe Panos a yaƙin basasa. Farkon 1825 aka kama Kolokotronis aka tsare shi a wani gidan ibada a Hidira. Ita ma aka kama ta, aka karɓe gidan Nafpliyo, aka kora ta Spetses. Duk wannan yana faruwa ne alhali Ibrahim Fasha, ɗan Muhammadu Ali na Masar, yana sauke sojoji masu horon zamani a Metoni, a kudu maso yammacin Moriya, a watan Fabrairu na 1825. Psara kuwa tun a 1824 Turkawa suka mayar da ita kufai.

Mutuwarta ba ta zo daga Turkawa ba, ba ta kuma zo daga gwamnati ba. Ɗanta Jojiyos Yannuzas ya gudu da wata budurwa 'yar gidan Kutsis, ɗaya daga manyan gidajen Spetses. A al'adar tsibirin wannan cin mutunci ne da ba a bari ya kwana. Ranar 22 ga Mayu, 1825, mazan gidan Kutsis suka zo ƙofar gida da bindigogi suna neman 'yarsu. Bubulina ta leƙo daga bene ta mayar musu da magana mai zafi, wani daga cikinsu ya harbe ta a goshi, ta faɗi nan take. Shekararta 54. Ba a hukunta kowa ba. A cikin wannan wata ne gwamnati, da ta ga Ibrahim Fasha yana cin gari bayan gari, ta saki Kolokotronis ta mayar masa da jagorancin mayaƙa.

Girka ta sami 'yanci, amma ba jiragen fatake suka kammala aikin ba. Ranar 20 ga Oktoba, 1827, rundunonin ruwan Ingila da Faransa da Rasha suka ragargaza na Turkawa da Masar a Nabarino, kuma a 1830 manyan ƙasashen uku suka amince da Girka a matsayin ƙasa mai cin gashin kanta. Tsibiran da suka ba da jiragensu suka fito daga yaƙin a talauce, suna bin sabuwar ƙasa bashin diyya da ba ta da halin biya.

Daga baya ƙasar ta tuna da ita. An sa hotonta a takardar kuɗi ta dirakma 50 a 1978, da kuma sulen dirakma ɗaya daga 1988 har zuwan kuɗin yuro. Ɗaliban harshe za su so su san cewa daga wannan kalma ta dirakma Larabci ya sami dirham, mu kuma muka ari dirhami. Gidan Bubulis a Spetses ya zama gidan tarihi a 1991, a hannun zuriyarta, kuma a 2018 gwamnatin Girka ta ba ta muƙamin girmamawa na Riya Admiral, shekara 193 bayan rasuwarta.

Shi kuwa Agamemnon, bayan mutuwarta ya koma hannun gwamnati, aka canza masa suna zuwa Spetsai, ya shiga cikin jiragen farko na rundunar ƙasa. A 1831 attajiran Hidira suka yi wa shugaban ƙasa Yowannis Kapodistriyas bore, har da batun diyyar nan cikin dalilansu. Miyawulis, gwarzon mashigin Spetses, ya ƙwace jiragen gwamnati a tashar Poros, kuma da jiragen Rasha suka yi masa ƙawanya, sai ya banka wa Hellas, jirgi mafi girma da ƙasar ta mallaka, wuta da hannunsa. A wannan rikici na Poros ne jirgin Bubulina ma ya halaka, shekara 11 bayan ƙera shi. Ba a cika wata biyu ba aka harbe Kapodistriyas a ƙofar coci a Nafpliyo.